Hanyar Gawar Gidan Iturri

Asabar, 10 ga Oktoba, 1964, da hantsi

Tun ranar Alhamis ba a fasa dutse ba. Ni da kullum nake tsine wa ƙarar Rami, wurin fasa dutsen da ke jikin tsauninmu, yau ga ni ina kasa kunne ko zan ji guduma ɗaya. Har kajina sun rikice, don da ƙahon la'asar suka saba shiga akurki.

Anizeto, ɗan Inna Kandida ta gidan Iturri, wanda fashewar ranar ta rutsa da shi, yana asibitin birni. An ce yana numfashi. Iyakar abin da aka ce ke nan.

Serapio bai ci komai ba. Na dafa masa wake da kabeji, ya zauna yana kallon kwanon kamar an ajiye masa aikin da bai iya ba. Mijina kuwa mutum ne da in yana cin abinci sai ka tausaya wa cokali. Tun kafin aurenmu shi ke busa ƙahon gargaɗi ya kunna nakiya a Rami, bai taɓa dawowa gida ya bar loma ba. Da na zo ɗauke kwanon sai ya ce, "Baleriana, na busa ƙahon."

Na ce, "Wa ya tambaye ka?"

Ya ce, "Ina dai gaya miki."

Iskar kudu ce ranar. Kowa ya san halinta, takan ɗauki sauti ta kai shi inda ta ga dama.

Lahadi, 11 ga Oktoba, bayan sujada

Gurbin Inna Kandida a coci ba kowa, tana birni wurin ɗanta. Ni na kunna kyandir ɗin matattun gidanta, kamar yadda nake yi duk ranar da ciwon ƙafa ya hana ta saukowa. Ina jin idanun matan bayana a ƙeyata.

Da aka fito, maza suna tsaitsaye a rumfar coci ana surutu. Serapio na doso su, hira ta mutu. Ba wanda ya yi masa baƙar magana. Suka taɓa huluna, ya taɓa tasa, ya wuce. Gara ma a ce zaginsa suka yi.

Errufina, matar Kasimiro na gidan Olano, ta riske ni a kan gada. Mace ce da in ta ce miki sannu sai kin duba ko da ƙaya a ciki.

"Baleriana ta gidan Sagarti, ya ƙarin haƙuri? Kin hau kin ga hanyar?"

"Ban hau ba."

"Ai babu abin gani. Daga gindin babbar bishiyar nan har lungun marmaro, duk ta rufta Rami. Allah Ya ba yaron nan lafiya. Amma in ta Allah ta kasance, ta ina za a fito da shi?"

"Bai mutu ba tukuna, Errufina."

"Wa ya ce ya mutu? Kasimiro ne dai yake cewa in aka zagayo ta hanyar amalanke, ai ƙofarmu za a fara wucewa."

Na bar ta tsaye da bakinta. Ba ƙarya ta yi ba, shi ya sa ta ba ni haushi. Gawar Iturri tun kaka da kakanni hanya ɗaya take bi: ta fito, ta bi kafaɗar tsaunin Belatx ta saman Rami, ta sauko ƙofarmu, sannan gada, sannan coci. Ba a sauya wa gawa hanya, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Gidan da ta fara wucewa ta ƙofarsa kuwa shi ne maƙwabcin fari, ɗan'uwa na jini ma baya yake bi. Shi ke tatsar shanu in gida na cikin jinya, matarsa ke wanke mamaci, shi ke ɗaukar gicciye a gaban akwati. Mahaifina ya ɗauka wa mijin Inna Kandida. Kakana ya ɗauka wa surukinta.

Yanzu tsakiyar hanyar tana ƙasan Rami. Saura zaɓi biyu, ko a zagaya ta bayan tsauni ta Olano, ko a miƙo ta cikin lambun tuffana. Inda gawa ta taka kuwa ya zama hanyar kowa har abada, ba katanga ba ƙyaure.

In Inna Kandida ta zaɓi Olano, ba sai ta buɗe baki ba, duk mutanen garinmu Arrondo za su ji abin da ta ce game da ranar Alhamis. Mutumin da aka karɓe wa gicciyen maƙwabcinsa ba ya ƙara ɗaga kai a garin nan.

Allah Ya ba yaron nan lafiya. Ni ma na faɗa, kuma ni har zuciyata.

Litinin, 12 ga Oktoba, da sassafe

Inna Kandida ta dawo jiya da motar yamma, asibiti ba sa barin mai jinya ya kwana.

Serapio ya tashi kafin zakara, ya tsallake katangar lambu, ya hau Iturri. Ya tatse mata shanu, ya sauya musu shimfiɗa, ya ajiye bokitin madara a dokin ƙofa. Ina saman lambu ina tsince tuffar da iska ta kakkaɓo, don haka da idona na gani. Ta buɗe ƙofa. Ba ta dube shi ba. Ta ɗauki bokitin da hannu biyu, ta taka a hankali har garken aladu, ta juye musu duka. Ta ɗauraye bokitin tas, ta kife shi inda ya saba samu.

Da ya sauko na ce, "To, gobe sai ka huta."

Ya ce, "Ai ba ta kore ni ba."

Talata, 13 ga Oktoba, da almuru

Aladun Iturri za su yi ƙiba bana.

Alhamis, 15 ga Oktoba, da la'asar

Wasu mutum biyu sun zo daga birni da takalma masu sheƙi. Sun hau Rami, sun auna abin da za su auna, sun sauko gida gida suna tambaya. Na ba su kujera a ɗakin girki. Ƙaraminsu yana ta kallon dutsen murhuna, ya ce wannan fararen zanen da ke ciki mene ne. Na ce kwanson dodon koɗi ne, mahaifina yakan ce teku ta taɓa kwana a kan Belatx kafin a halicci kowa. Ya yi murmushi, wai ya ga irin dutsen nan baƙi a daɓen wani banki, bai san daga nan yake ba. Ina zai sani? Dutsenmu yana majami'un ƙasashen da ba ɗayanmu da ya taɓa takawa, mu kuwa rabonmu ƙura a huhu da kogi fari kamar an zuba madara. A zamanin kakana da bijimai ake jan dutse, Rami bai fi masussuka faɗi ba, yaro kan yi jifa daga hanyar gawa ya kasa kai bakinsa. Yanzu ya cinye rabin tsauni. An daɗe ana cewa ya matso hanyar da yawa, a rumfar coci ake faɗa, a rumfar coci maganar take kwana.

Sai babban ya ce, "Uwargida, ranar nan kin ji ƙaho kafin ƙarar?"

Na ce ina cikin garke.

Ya rubuta. Ya ce to daga garken akan ji?

Na ce iskar kudu ce ranar.

Ya rubuta wannan ma. Suka sha ruwan tuffa, suka yaba, suka tafi.

Serapio yana bayan gida yana faskare duk tsawon zamansu. Itacen da ya tara zai kai mu hunturu biyu.

Asabar, 17 ga Oktoba, da hantsi

Fada Prudentzio, limamin cocinmu, ya hawo, wai ya zo ganin tuffar bana. Mutumin da ba ya bambance tuffa da albasa sai an dafa. Na zagaya da shi lambun, yana yabon wannan yana yabon wancan, har muka kai katangar sama. Ya ɗora hannu a kanta.

"Aikin mahaifinki ne, ko?"

"Shi ne, Fada. Da ɓaraguzan Rami ya gina ta, a kafaɗa yake ɗauko su in an tashi aiki."

"Daga nan zuwa ƙofar Iturri ai ba nisa."

"Daga nan zuwa ko'ina ba nisa, in lambun wani za a bi."

Ya yi dariya, ya ce shi bai ce komai ba. Na ce ni ma ban ji komai ba. Da zai tafi ya tsaya ya ce, "Kin san ba za ta roƙa ba, 'yata. Gidan mamaci ba ya roƙon hanya, mai ƙasa ke bayarwa." Na cika masa aljihu da tuffa don ya yi sauri.

A gidan nan aka haife ni. Serapio shigowa ya yi, don haka maganar lambu tawa ce, shi ko uffan ba zai ce ba. Layin da za a bi kuwa shi ne na tsofaffin itatuwan da uwata ta dasa, masu ja, waɗanda ake ajiyewa har Ista ba su ruɓe ba. In ya zama hanya, gobe ma'aikatan Rami ne da jakunansu, jibi yaran makaranta. Ina son lambun nan, ba zan ɓoye ba. Kuma yaron bai mutu ba, me ya sa kowa ke auna masa hanya?

Litinin, 19 ga Oktoba, da tsakar rana

An buɗe Rami. An ce Serapio ya ɗan huta tukuna, wani ne ya kunna nakiyar yau.

Ina cikin garke lokacin da aka busa ƙahon. Na ji shi tangaran, har saniya ta ɗaga kai.

Amma yau daga teku iska take.

Laraba, 21 ga Oktoba, da safe

Madara ga aladu. Ta ɗauraye bokiti, ta kife.

Juma'a, 23 ga Oktoba, da almuru

Mun yi faɗa, in ana kiran wannan faɗa, don ni kaɗai na ɗaga murya.

Na same shi ya sauko da tsohuwar jakarsa ta soja yana shafa mata mai. Na ce ina zuwa? Ya ce babu, fata ce ta bushe. Na tsaya a kansa har ya gaji, sannan ya ce ƙaninsa da ke aikin jirgin ruwa ya taɓa ce masa kullum ana neman mai zuba gawayi.

"Kai? Kai da ko a gada in ka leƙa kogi sai jiri ya kwashe ka?"

"Mutum kan saba."

"Ni kuma fa? In zauna in auri itacen tuffa?"

Ya ci gaba da murza man. Can ya ce, "In Kasimiro ya ɗauki gicciyen, ba zan iya wuce rumfar coci ba, Baleriana. Ba don su ba. Yaron nan a hannuna ya koyi riƙe guduma. In ba zan iya yi masa komai ba, ko wannan ɗin a bar ni in yi."

Na ce likitoci sun ce ya motsa yatsa.

Ya ce, "Na busa."

Na ce na sani. Ya ɗago ya dube ni, na shiga neman wani abu a cikin kwando, ban ma san me nake nema ba.

Wandonsa ya fara zamewa, ya ƙara wa ɗamararsa huji da ƙusa. Yana zaton ban gani ba. Tausayinsa nake ji har ƙirjina yana ciwo, amma in na buɗe baki faɗa ne ke fitowa.

Lahadi, 25 ga Oktoba, da la'asar

Masu kwashe ɓaraguzai sun tsinci lauje a ƙasan inda hanyar ta rufta. An kawo wa Fada, ya aika da shi Iturri. Errufina tana ta mamaki a bakin coci, wai me mutum zai yi da lauje a hanyar gawa ranar aiki, alhali Anizeto hutu ya ɗauka don zazzaɓi.

Kasimiro ya kai takalmansa na biki an sake musu ƙasa. Matarsa ce ta faɗa, da bakinta.

Talata, 27 ga Oktoba, da hantsi

Ƙararrawar mutuwa daga coci. Bugun namiji.

Serapio yana kan tsani yana gyaran rufin rumbu. Ya sauko a hankali, ya cire hula, ya zauna a ƙasa.

Laraba, 28 ga Oktoba, da almuru

Sun kawo shi da rana. Mota ta tsaya a Olano, aka ɗora shi a amalanke aka zagayo da shi gida. Shiga ba a lissafa ta, fita ce hanya.

Ba wanda ya aiko mini. Na ɗauki tawul biyu da sabulu da kwalbar ruwan coci, na tattare bujena, na tsallake katangar mahaifina kamar ɓarauniya. Na ce in za ta kore ni, ta kore ni da bakinta.

Errufina tana ɗakin girkin Iturri ta naɗe hannun riga, ruwa na kan wuta. Ta ce, "Ai da kin huta, mun iso." Ban kula ta ba. Inna Kandida tana zaune a ƙofar ɗakin da aka kwantar da shi, ta ƙanƙance kamar an wanke ta ta shige. Ta dubi tawul ɗin, ta dube ni. Sannan ta ce, "Errufina, je ki duba mini kaji." Kajin da tuni suka shige.

Mu biyu muka wanke shi. Ba zan rubuta yadda yake ba. Fuskarsa dai ba abin da ya taɓa ta, har ɗan tabon nan na haɓa, na ranar da ya faɗo daga itacen uwata yana satar tuffa, ni na ɗaure masa.

Muna cikin yi ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "'Yar Sagarti, kin ji ƙahon?"

Na ce, "Ina cikin garke, Inna."

"Ba inda kike na tambaye ki ba."

Wannan matar ita ta karɓi haihuwata. Ba ni da fuskar da zan yi mata abin da na yi wa mutanen birni. Na ba ta amsa. Ba zan rubuta ta a nan ba.

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da goge masa hannu, yatsa bayan yatsa. Na zaci magana ta ƙare, har na fara tunanin yadda zan gaya wa Serapio. Sai ta ce, "Ni na aike shi."

Na ɗago na dube ta.

"Tun bazara nake damunsa. Na ce ƙaya ta rufe hanya, ni kuwa ba zan ga ƙarshen hunturun nan ba, so kake a ɗauke ni ana tsalle kamar awaki? Ranar nan zazzaɓi ya ɗan sake shi, na ce tun da ba ka je aiki ba, ga lauje. Ya ce Inna, yau ana fasawa a ɓangaren sama. Na ce kai da kunnuwanka, in an busa ka kauce." Ta matse tawul ɗin. "Ya yi dariya, ya ce to, bari in je in share miki hanya ki daina mita."

Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi, har ta ce in matsa kada in jiƙa masa riga.

Da muka gama sa masa kaya na ce, "Inna, lambuna yana nan. In kina so, hanya ce."

Na daɗe ina juya maganar nan a raina ina jin kamar za a cire mini haƙori, amma da ta fito ba ta fi haka ba.

Ta ce, "Miƙo mini matajin can."

Iyakar amsarta ke nan. Na taje masa kai, na kunna kyandir, na sauko. Fada ya ce tun da ba ta ce komai ba, maza sun shirya Kasimiro ya ɗauko gicciye daga coci gobe da safe. Na gaya wa Serapio. Ya ce daidai ne. Jakar tana bayan ƙofa.

Alhamis, 29 ga Oktoba, da la'asar

Gari na fara haske na ɗauki ƙarfen ɓamɓarar dutse na Serapio na hau lambu. Ban yi shawara da kowa ba. Mahaifina ba ya gina abu don a rushe, na yi ta fama, dutse ɗaya ya ƙi motsi, na yage fatar hannu. Ina ta zaginsa, Allah Ya jiƙansa. Sai na ji an karɓe ƙarfen ta bayana. Serapio ne.

"Ba haka ake yi ba. Daga sama ake farawa."

"To malam, da kana ina?"

"Ta ce za ta bi nan?"

"Ba ta ce ba."

"To don me?"

"Don katangata ce."

Ya ɓamɓare, ina jerawa gefe. Muka buɗe faɗin da mutum huɗu da akwati za su wuce, ya sare rassan da suka yi ƙasa a layin itatuwan uwata, na kau da kai. Muka buɗe ta ƙasa ma, wajen ƙofarmu. Na ce ya je ya sa baƙaƙen kayansa. Ya ce a'a, zai tsaya nan cikin itatuwa, in sun wuce ta Olano ya ji ƙararrawa daga nan. Na wanke hannu na yafa mayafi na hau.

Duk Arrondo suna farfajiyar Iturri, an rufe Rami don jana'izar. Kasimiro yana gaba da gicciye da takalmansa. In faɗi gaskiya bai yi kama da mai murna ba, ya riƙe shi kamar wanda aka ba jinjirin wani. Fada ya yi addu'a a bakin ƙofa, abokan aikin Anizeto suka ɗaga akwatin, suka juya dama, wajen hanyar amalanke.

Mata a baya suke tafiya, uwar mamaci a ƙarshen kowa. Haka aka saba. Inna Kandida ta fito daga cikinmu, ta ratsa maza da sandarta, ta wuce akwatin, ta wuce Fada, ta yi hagu. Ba wanda ya yi motsi. Ta gangara ita kaɗai, tana dogarawa, har bakin giɓin da muka buɗe. Ta tsaya ta duba shi sama da ƙasa kamar mai sayen saniya. Sannan ta juyo.

"Kasimiro na Olano, na gode. Kawo wa mai shi."

Kasimiro ya sauko da sauri. Serapio ya fito daga bayan itace da rigar aiki, ƙura har gira. Ya goge hannu a wando, ya sake gogewa, bai miƙa ba. Ya ce, "Uwargidan Iturri, ni..."

Ta ce, "Ban tambaye ka komai ba. Ɗauki, yaron yana jira."

Ya ɗauka. Suka juyo da akwatin, suka shigo lambuna. Tuffar da ban kwashe ba tana fashewa a ƙarƙashin ƙafafu, duk wurin ya ɗauki ƙamshi. Suka tsaya a ƙofarmu kamar yadda gawar Iturri ke tsayawa tun asali, Fada ya karanta abin da ake karantawa, muka wuce gada. Ina bayansa da nisa, amma ina ganin gicciyen ta saman kawuna. Da farko yana rawa. Kafin mu kai coci ya tsaya cak.

Juma'a, 30 ga Oktoba, da tsakar rana

Ya ci rabin kwano. Na yi kamar ban lura ba.

Asabar, 31 ga Oktoba, da safe

Ma'aikata uku sun ratsa lambun za su Rami, ɗaya har da jaki. Sun cire mini huluna. Jakin bai cire komai ba sai reshe. Na buɗe baki, na tuna, na rufe.

Madarar yau ba ta je garken aladu ba. Ta shiga da ita ciki. Ba ta dai gaishe shi ba.

Mutanen birni ba su dawo ba, kamfani kuma bai ce ya koma ba, bai ce kada ya koma ba. A rumfar coci wasu za su ci gaba da cewa ya busa, wasu su yi shiru. Ni ma ban ƙara tambayar kaina ba.

Litinin, 2 ga Nuwamba, da hantsi

Yau ranar tunawa da matattu. Muna karyawa sai na ji sanda a kan dutse. Inna Kandida ce ta biyo sabuwar hanya za ta maƙabarta, furanni a hannu ɗaya, wani abu naɗe da buhu a hammata. Ta tsaya a dokin ƙofa, ta ƙi shigowa.

Serapio ya miƙe har ya ture kujera.

Ta ce, "Zauna, ba Fada ba ne. Giɓin sama akwai dutsen da ya turo kai, ya kusa kayar da ni. Haka ake aiki a Sagarti?"

"Zan gyara, uwargida."

"Ka gyara. Kuma ka daina cika bokiti, ni kaɗai ce, ina zan kai madara?"

Na ce ta shigo ta sha wani abu mai zafi. Ta ce matattu na jiranta, sun fi ni haƙuri amma ba a shiga haƙƙinsu. Sannan ta zare abin da ke hammatarta ta kwance buhun. Laujen ne. An wanke shi, an wasa.

Ta miƙa masa ta ƙotar. Ta ce, "Ƙasar lambun nan tana da kyau, kafin bazara ƙaya za ta rufe hanyar. Ba na so a ɗauke ni ana tsalle. Ni kuma ba ni da wanda zan aika."

Serapio ya karɓa da hannu biyu.